Bakin yasar bututu a bango da ƙasa: a shafe da tayil ko a sa murfi?

Dan_Mamobi: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masu sana'a. Gidan sama ne mai hawa ɗaya a unguwar Mamobi da ke Accra, an gama aikin bututu, saura tayil. Fulamba ya bar baki uku masu matoshi: ɗaya a gindin bututun inci 4 da ke saukowa daga banɗakin sama, cikin bango, ɗaya a ƙasan lungun da ke tsakanin banɗaki da kicin, na uku ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Mai tayil ya ce a bi ta kansu da siminti, wai suna ɓata tsari, in bututu ya toshe sai a fasa tayil ɗaya kawai. Fulamba ya ce bai yarda ba. Wa ya fi gaskiya? In murfi za a sa, wane iri, kuma girmansa nawa?

MastaFamfo_Nima: Wa alaikumus salam. Fulambanka ne da gaskiya. Wannan baki da muke kira kilinawut, ta nan ake zura sanda ko waya a yashe bututu ba tare da an tumɓuke kan masai ba. Amma ka rarrabe abu biyu, don nan mutane ke ruɗewa. Akwai matoshi, wanda ake murɗawa a bakin bututun kansa, shi ke tare wari da ruwa. Akwai kuma murfi, wanda ke kan bango ko daɓe, aikinsa ya ɓoye ramin ya kare matoshin daga ƙafa da tsintsiya. Murfi komai tsadarsa ba ya maye gurbin matoshi.

Girman taga, wato ramin da za a bari a bango a gaban matoshi: matoshin inci 4, kada ta gaza santimita 20 da 20, in da hali 30 da 30, domin hannu da sifana su shiga su juya. Na inci 2 da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, 15 da 15 ta isa. Sannan a bar fili a gabansa kamar santimita 45. In aka kafa kabad ko injin wanki daf da shi, sanda ba ta da inda za ta lanƙwasa ta shiga.

MaiTayil_Ashaiman: Masta, kar a ɗora mana laifi duka. Abin da ke sa mai tayil ya ce a shafe shi ne sau tari ana barin bututun ya fito a karkace, ko ya faɗo a kan mahaɗar tayil huɗu. In an yi magana tun kafin a fara jera layi, ana iya daidaita shi ya faɗo cikin tayil ɗaya. A bango ga yadda ake yi ba wanda zai lura: a liƙa maganaɗisu huɗu a kusurwoyin tagar, a liƙa ƙananan faranti na ƙarfe huɗu a bayan tayil ɗin, a ɗora. Tazarar milimita 2 ko 3 da ke kewaye da shi a cike ta da silikon mai launin sauran layukan, ba farin siminti ba. Ranar buƙata a bi layin da reza, a ja tayil ya fito lafiya. Wannan na ƙaramin tayil ne, kamar 30 da 30. Babban 60 da 60 yana kai kilo bakwai zuwa takwas, wannan sai firam na alminiyom mai maƙalli.

Hajiya_Madina: Ni abin da ya dame ni kyankyasai. In aka bar wuri mai buɗuwa ba ta nan za su riƙa fitowa ba?

MastaFamfo_Nima: Hajiya, in matoshi ya zauna daidai ko iska ba ta fita, balle kyankyaso. Inda suke bi shi ne ramin da ke kewaye da bututun, inda ya ratsa bulo ko kankaren bene, in magini bai cike shi ba. A cike wannan gefen da siminti da yashi kafin a sa murfi, amma kada siminti ya taɓa haƙoran matoshin. A naɗe kansa da leda har a gama aiki.

Injiniya_Fadama: Bari in ƙara a kan na gindin bututun sama, don shi ne mafi haɗari cikin ukun. In toshewar tana gaba da shi, wato tsakaninsa da cemba (ramin dubawa mai murfi da ke kan layin bututu a waje), duk ƙazantar da ta taru a bututun tsaye tana kansa. Bututun milimita 110, wato wanda ake kira inci 4, yana ɗaukar kusan lita 8 a kowace mita. Mita uku kenan fiye da lita 20, kuma da ƙarfi zai fito. Shi ya sa ake son bakin ya kasance sama da leɓen kan masan da ke hawan ƙasa, kamar santimita 50 zuwa 60 daga daɓe. In ruwa ya taru zai fara nunawa a masan ƙasa, ba sai an kwance matoshi ya watso wa mutum a fuska ba. Ranar buɗewa: a hana na sama zuba ruwa, a tara bokiti, a sassauta rabin juyi, a saurara. In ya fara tsiyaya a bar shi ya tsane kafin a ƙara.

Abu na biyu, wanda ba a ganinsa bayan an rufe: mahaɗin da ke ƙarƙashin bakin. Ya zama mai siffar Y, reshensa yana bin inda ruwa ke tafiya. In aka sa T ko gajeriyar gwiwa mai digiri 90, sanda za ta doki bangon bututu ta tsaya, ko ta juya ta nufi sama. Na ƙasa kuwa, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda ɗaya mai 90. Dan_Mamobi, ka sa a duba wannan yau, kafin siminti ya hau.

Dan_Mamobi: Na gode Injiniya. Na bangon yana kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, bai kai 50 ba. A fasa a ɗaga shi?

Injiniya_Fadama: In hawan ƙasa ba shi da masai a kan wannan layin, kuma akwai cemba kusa a waje, bar shi. In akwai masai, yanzu ne ɗagawar ke da arha: yanka ɗaya, soket biyu na haɗa bututu, gam.

Baba_SabonZango: Ku yi maganar murɗa matoshin. Yaran yanzu gam suke shafa masa wai kada ya yi yoyo. Gam ɗin bututun roba na PVC narkar da roba yake ya haɗe ta, in ya kama ba mai kwance shi har abada, sai zarto. Farin tef na fulamba ake naɗawa, zagaye uku ko huɗu, ta inda ake murɗawa, a ɗaure da hannu, a ƙara kwata ko rabin juyi da sifana. Ya wuce haka bakin zai tsage, kuma tsagar ba ta nunawa sai bayan watanni.

MastaFamfo_Nima: Baba, Allah Ya ƙara girma, haka ne ga irin matoshin da haƙoransa ke tsukewa yayin da yake shiga. Amma yawancin na milimita 110 da ke kasuwa yanzu zoben roba ne a cikinsu, shi ke tarewa, ba haƙori ba. Wannan ba ya son tef. Tef ma yana iya hana shi kaiwa ƙarshe ya danne zoben. Hannu kawai, da ɗan man silikon a kan zoben. Kada a shafa giris na mota ko bakin mai, suna kumbura robar ta lalace. A juya matoshin a duba ciki: in da zobe, babu tef, in babu zobe, maganar Baba.

Baba_SabonZango: Na karɓa. Allah Ya yi albarka.

Dillalin_Bututu: Tunda an zo nan, ku kula da awo. "Inci 4" na baki ba ɗaya ba ne. Na awon mita faɗinsa ta waje milimita 110, na awon Amurka 114. Bambancin milimita huɗu ne amma haƙoransu ba sa shiga juna. Wanda matoshinsa ya ɓata ya ɗauki tsohon, ko guntun bututun, ya tafi da shi shago. Kada a saya da ido. In ka tilasta wanda bai dace ba zai hau a karkace, ya ci haƙoran bakin, shi ke nan an koma yanka.

Uwargida_Alajo: Mu nan Alajo matsalarmu daban. In kogin Odaw ya cika a watan Yuni ruwa ta cikin bututu yake dawowa. Wane murfin ƙasa ne zai tare wannan?

Injiniya_Fadama: Uwargida, murfin da aka ɗora kawai ba zai tare ba, ruwan zai ɗaga shi. Ana buƙatar matoshi mai murɗi a ciki, sannan murfi mai sukuru da roba a ƙarƙashinsa. Amma ki sani, in kin toshe nan ruwan zai nemi wata ƙofa mafi ƙasa, wato magudanar wurin wanka ko masai. Maganin wannan bawul ne mai hana ruwa komowa, a kan babban layi kafin ya bar gida. Shi ma dole ya zauna cikin cemba mai murfin buɗewa, don tsumma ɗaya in ya maƙale a harshensa ya daina rufewa. A duba shi a Afrilu kafin ruwa ya kankama, a sake dubawa a Satumba. Cembobin tsakar gida kuma a ɗaga bakinsu santimita 10 zuwa 15 sama da daɓe, kada ruwan sama ya riƙa kwarara ciki ya cika ramin masai cikin dare ɗaya.

Yaro_Newtown: Mu dai a gidanmu katako aka ɗora aka danne da bulo, shekara nawa lafiya lau 😅

Hajiya_Madina: Lafiya lau ko hancinku ne ya saba?

Malam_Lafiya: Hajiya da wasa ta faɗa amma akwai gaskiya a ciki. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa daga bututu iska ce mai guba, kuma in ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi alhali ta ƙaru. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami. Tare da ita akwai wata mai kama wuta. Don haka ba a haska ashana ko kyandir a bakin cemba, ba a shan taba a wurin, kuma ba a sa yaro ya shiga ramin masai ya zaro wani abu. Katako kuma gara na cinsa ta ƙasa, samansa na nan kamar lafiyayye har ranar da ƙafa za ta burma. Sauro ma na hayayyafa a ramin da murfinsa ke da kafa.

Welda_Suame: Gaisuwa daga Kumasi. Bari in sa baki kan na ƙasa, don mu ke ƙera firam ɗin. Wanda ya fi kyau a cikin ɗaki shi ne murfi mai tire: firam na waje yana kafe a daɓe, tiren ciki ana zuba masa siminti a ɗora tayil irin na ɗakin, sai siririn layin ƙarfe kawai ake gani. Ƙa'idarsa:

Zurfin tire ya ɗauki tayil na milimita 8 zuwa 10 da abin liƙa shi, wato aƙalla milimita 25 zuwa 30.
Leɓen firam ya yi daidai da fuskar tayil. In ya ɗaga milimita biyu zai riƙa kama yatsa, in ya nutse ruwan mopa zai taru.
Lokacin zuba siminti a bar tiren cikin firam ɗinsa, a sa kwali siriri tsakaninsu. In aka kafa firam shi kaɗai siminti zai matse shi, tire ya ƙi shiga.
A shafa giris a leɓen ƙarfe da ƙarfe, a toshe ramukan makulli da tef kada siminti ya cika su.
Makullin ɗagawar a rataye shi wuri sananne, ba a aljihun mai tayil ba.

Baƙin ƙarfe kada ya shiga wannan aiki sai an shafe shi ciki da waje da fentin kwalta, don ta ƙasa yake ruɓewa, inda tururin ke bugunsa.

MastaFamfo_Nima: Welda, a Kumasi kuna da sauƙi. Nan Accra iskar teku na cin ƙarfe, musamman Chorkor, Jamestown, Teshie da Nungua. Sitenles, wato ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, shi ma iri-iri ne: mai lamba 201 yana fitar da ɗigon tsatsa da wuri, 304 shi ne na banɗaki, 316 na bakin teku. Gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa ba hujja ba ne, 201 ma ba ya kamawa sosai. Sukurun ma ya zama sitenles. Faranti mai kyau da sukurun baƙin ƙarfe, bayan damina biyu kan sukurun ya narke, sai an huda shi. Ga kuma asid da ake wanke tayil da shi bayan aiki, yana ɓata sitenles nan take. A cire farantin kafin a wanke.

MaiTayil_Ashaiman: Ƙari kan tsawon bututun ƙasa. Fulamba ya bar shi da tsawo, ya fito sama da kankare kamar santimita 10 ko 15, a rufe bakinsa. Sai an san inda fuskar tayil za ta tsaya sannan a yanke a liƙa bakin mai haƙori, yadda kan matoshi zai zauna santimita 1 ko 2 ƙarƙashin murfi. In an yanke tun farko, kwancin siminti ya zo ya yi kauri, matoshin ya nutse cikin rami sifana ba ta kai masa. Akwai matoshi mai kai a fito, mai kusurwa huɗu, akwai mai kai a lotse. Na ƙasa mai lotsen ya fi, ba ya cin wuri.

Dan_Mamobi: A shago an nuna mini wani zagayayyen faranti mai sheƙi, sukuru ɗaya a tsakiya. Ya fi arha nesa. Yana yi?

Dillalin_Bututu: Yana yi a bango, ba a ƙasa ba, don siriri ne, taku ɗaya zai lotsa. Sukurun tsakiyar yana shiga kan matoshin ne ya riƙe farantin. Inda ake kuskure: sukurun dogo ne, ana so a yanke shi daidai. In aka huda matoshin har ya ɓulla ciki, ka buɗe wa wari hanya da hannunka, ga tsinin sukuru a cikin bututu yana kama gashi da zare. Ka auna daga fuskar tayil zuwa kan matoshi, ka ƙara abin da zai kama kawai. Kuma farantin ya fi ramin faɗi da santimita 2 ko 3 kowane gefe.

Limamin_Unguwa: Salamu alaikum. Ku taimaka da shawara kan wurin alwala na masallaci. Yashin ƙafa ne ke cika bututun, musamman ranar Juma'a. An ce a cire murfin bakin yasa a sa raga don ruwa ya samu hanya biyu.

MastaFamfo_Nima: Allah gafarta Malam, kada a yi haka. Magudanar ƙasa tana da gwiwa mai riƙe ruwa kamar santimita 5, ruwan nan ne ke tare wari. Bakin yasa ba shi da ita, kai tsaye yake da layi. In aka sa masa raga an buɗe bututun cikin masallaci kenan. Abin da wurin alwala ke so ƙaramar cemba ce ta tarar yashi: gindinta ya zurfafa santimita 20 zuwa 30 ƙasa da bututun fita, yashi ya kwanta a nan, murfinta marar nauyi yadda mutum ɗaya zai ɗaga ya kwashe duk mako. Masu sayar da waakye (shinkafa da wake) da masu tuya ma irin wannan suke buƙata a bayan kicin, sai dai tasu ta tarar mai ce, don manja da kitse in sun huce daskarewa suke a bututun inci 2.

Magini_Aboabo: Kan nauyin murfi da Masta ya ambata. Mutane na zuba silab na kankare ba lissafi. Mai 60 da 60, kaurin santimita 5, ya haura kilo 40. In kaurin ya kai 7 da rabi, kilo 65 ne. Wanda ba ya ɗaguwa ba a duba shi, ƙarshenta a fasa da guduma. A raba shi biyu in ya yi girma. Haɗin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, rodi na milimita 10 a tazarar santimita 15, hannun ɗagawa a lotse kada ya yi tuntuɓe, a riƙa jiƙa shi kwana bakwai. Wajen ɗorawa a shimfiɗa leda a leɓen cemba, a bi gefen da siminti mai rauni, yashi da yawa, wanda kurfi zai ɓantare cikin minti biyu.

In mota na bi ta kai, a sayi na kamfani a duba lambar da ke jikinsa. A15 na masu tafiya da ƙafa ne kawai. B125 shi ne na inda ake ajiye mota. Tankar ruwa ko motar kwasar masai kada ta hau ko wannensu in ba D400 ba. Inda ake satar ƙarfe, akwai na roba mai haɗin zare, ɓarawo ba ya samun kuɗinsa a sikeli.

Yaro_Newtown: To wanda nasa ya riga ya liƙe fa, ya ƙi kwantuwa?

Baba_SabonZango: Na roba: a kankare simintin da ke gefensa, a zuba ruwan zafi a jikin bakin, a ɗan bubbuga, a gwada da sifana mai dogon hannu, wani ya riƙe bututun kada ya karye a gwiwa. Na tagulla cikin tsohon bututun ƙarfe: man kwance tsatsa, a bar shi ya kwana. In kan ya cinye, a huda tsakiya, a zura ruwan zarto a yanka zuwa gefe wuri biyu ba tare da an taɓa haƙoran bakin ba, a ɓalle yankin, sauran zai saki. In haƙoran sun lalace akwai matoshin roba mai kumbura, ana murɗa noti mai fiffike ya matse bangon bututu. Wuta dai kar a kusanto da ita.

Uwargida_Alajo: Wasu sodar yin sabulu suke zubawa a bututun maimakon duk wannan wahala.

Injiniya_Fadama: Soda na zafi in ta haɗu da ruwa, PVC kuwa ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 na dogon lokaci ba, yana laushi ya lotsa. Ba ta narkar da ledar ruwa, ƙunzugu ko yashi, waɗanda su ne ke toshe mana layi. Kuma in ba ta wuce ba tana nan kwance bayan matoshi tana jiran wanda zai buɗe. Wanda ya zuba ya gaya wa fulamba kafin ya taɓa. Masu bayodaijesta kuma, wato ramin masai da ƙwayoyin halitta ke narkar da ƙazanta a ciki, soda na kashe ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar.

MaiTayil_Ashaiman: Mu koma kan tambayar Dan_Mamobi. Ni har yanzu ina ganin na lungun, in cemba tana mita biyu ko uku daga wurin kuma layin miƙaƙƙe ne, ana iya yasar sa daga waje. Ba kowane baki ne sai an yi masa firam ba.

MastaFamfo_Nima: Daga cemba kana tura sanda ne sama, kana janyo ƙazantar kanka, kuma in layin kicin ya haɗu da shi ta Y sanda ba za ta juya ta shiga reshen ba. In dai mai gida ya nace sai an shafe, to aƙalla a ɗauki hoto da tef ɗin awo daga bango biyu, a bar rami marar siminti a kan matoshin, a ajiye tayil uku ko huɗu na irin, don bayan shekara biyu ba za ka samu launin a kasuwa ba.

Dan_Mamobi: Na auna yanzu. Daga bakin lungun zuwa cemba mita huɗu da rabi ne, akwai lanƙwasa ɗaya, kuma layin kicin a nan yake shiga. Tayil ɗin lungun 40 da 40 ne. Welda, tiren 30 da 30 zai zauna cikin tayil ɗaya ko sai an yi na 40 daidai layi?

Welda_Suame: Yi na 40, ka bi layin tayil, ba yanka ba kusurwa mai tsagewa. Amma ka ba maƙerin tayil ɗin kansa ya auna, don abin da aka rubuta 40 a kwali wani lokaci 39 da rabi ne. Ka turo hoton yadda bututun ya faɗo a layin tukuna.